Kujera Ɗaya a Ranar Uwa

Litinin, 4 ga Maris
'Yata Suhaila ta kawo littafin da jam'iyya ta buga kan rayuwar yayanta. "Shugaba Nizar, ɗan tanti, ɗan sahara." Sunana sau ɗaya ya fito. Wadha kuwa, matar makiyayan nan, babi guda, har da hoto. Shekara biyu kacal ta shayar da shi, lokacin da zazzaɓi ya ƙafar mini da nono. Sauran shekarun wa ya yi? Wa ya zane shi ranar da ya fara ƙarya? Wa ya yi kuka da ya bar karatun likita ya shiga soja? Wannan ba a bugawa.

Asabar, 9 ga Maris
Ranar Uwa Nizar zai sumbaci hannun uwa guda a filin wasa, a gaban talabijin. Kujera ɗaya. Mace mai mutunci ba ta tambayar ta wace ce.

Lahadi, 10 ga Maris
Na tambaya.
Ya ce, "Umma, siyasa ce. Makiyaya da manoma su ne ƙasar. In suka ga 'yar alƙali irinki a kujerar me za su ce?" Na ce su ce kana da uwa. Ya yi dariya ya ƙara shinkafa. Tun da ya shiga gidan rediyo da tankokin yaƙi shekara biyar da suka wuce, babu mai tsawata masa.

Lahadi, 17 ga Maris
Wadha ta ƙi masaukin gwamnati, wai a kawo ta gidan 'yar'uwarta. Ni kenan! Ta bar kujeru ta zauna a ƙasa, kayanta duk ƙaurin hayaƙi. "Ummu Nizar, har yanzu kina ɗaure fuska? Ai dole nono ya ji tsoron fitowa." Suhaila ta yi dariya. Zan yi magana da Suhaila.

Talata, 19 ga Maris
Muna tsintar wake ta faɗa mini. Ɗanta Dahham, wanda suka sha nono tare da Nizar, yana cikin hafsoshi tara da kotun soja ta yanke wa hukuncin harbi kan yunƙurin juyin mulki. Jarida ba ta buga sunaye ba. Jam'iyya ta sani, shi ya sa ma suke son ta: in labari ya fito a ga uwar mai laifi tana sa wa Shugaba albarka.
Za su naɗa masa rawanin makiyaya ranar bikin. Ta ce yana sunkuyawa kan hannunta za ta ƙulle gefen rawanin don ya bar mata ɗanta da rai. A wajensu wanda aka yi wa ƙulli ba ya kwancewa sai ya biya buƙata, in ya ƙi, abin gori ne har jikoki.
Na ce me ya sa kika gaya mini. Ta ce, "To wa zan gaya wa? Ke ma ai ɗanki ne."
Ke ma.

Laraba, 20 ga Maris
Lambar mai tsara bikin tana gabana. Kalma ɗaya, a mayar da Wadha ƙauye, kujera ta dawo wa mai ita. Kuma gaskiya zan faɗa, ba sharri ba. Wanda ya ɗaga bindiga kan ɗana, me ya rage a tausaya masa?
Sau biyu na ɗaga wayar.
Na goge mata abayarta, don kada ta kunyata mu.

Alhamis, 21 ga Maris
A talabijin na kalla. Nizar ya sumbaci hannun Wadha ya ɗora a goshi sau biyu. Nawa sau ɗaya yake yi. Ta ƙulle gefen rawanin. Ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya ce a lasifika, "Na ba ki, uwata."
Uwata. Duk ƙasa na ji.

Juma'a, 22 ga Maris
Ya shigo bayan an sauko daga masallaci, bai zauna ba. "Umma, kin sani?" Na ce na sani. "Kika bari aka ɗaure ni a gaban jama'a?" Na ce ya rage murya, nan ba bariki ba ne. Ya fita bai taɓa hannuna ba.
Dahham ɗaurin rai da rai. Sauran takwas ɗin, rediyo bai ce komai ba.

Asabar, 23 ga Maris
Motar da za ta mayar da Wadha ta zo, na ce wa direba ya dawo jibi. Hanya ba kyau, kuma tana tari.
Shekara arba'in da huɗu ban taɓa tambayarta komai game da Nizar ba. Yau na tambaye ta ranar da ya fara tafiya. Ta ce ɗan akuya ya bi, taku uku ya faɗa cikin toka, ya tashi fari fat yana masifa. Ba wai ta iya ba da labari ba ne, tana ta haɗa shi da tsadar sha'ir.
Na sa ta maimaita.