Hancin da Na Horar

Naif, Dubai
14 ga Maris, 2018

Ɗana Idris,

Idan a wurin aikinka ka buɗe takardar nan, ninke ta ka fita waje tukuna, domin akwai sunan Allah a cikinta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kuma murar nan ta sake ka. Ni jikina lau, alhamdu lillahi. Jirgina gobe ne, ba sai ka rako ni ba.

Shekara uku kana ce mini tarbar baƙi kake yi a otal. Jiya da ka raka ni shagon Ba'indiyen nan na Deira sayen icen ud na haɗa turarena, ka ɗauki guda ka shinshina, ka ce jabu ne, mai aka shafa masa, sai na ji kaina ya yi girma. Na tuno ka kana ƙarami, ina rufe maka ido da ɗankwalina, kana bambance ƙamshin hawi da sandal, farce da kajiji, matan unguwa suna tafa maka. Kana fita amsa waya, mai shagon ya yi ta habibi, habibi, ya miƙo mini wayarsa wai in ga shaharar ɗana. Har yanzu ban sani ba, albishir ya yi mini ko ramuwa.

A bidiyon wayar na gan ka cikin baƙar kwat, Turawa sun kewaye ka, ga kofuna masu tsukakken baki a jere. Ka juya giyar a kofi, ka ɗiga mata ruwa, ka kai hanci. Na yi sakandare, Idris, ina jin Turanci. Ka ce musu wuski ce ta Sukotland, ta sha'ir, aikin gida ɗaya ba gauraye, ta shekara goma sha takwas a ganga. Wai akwai hayaƙi a cikinta, da zuma, da busasshen dabino, can ƙarshe da gishirin teku. Sannan ka lumshe ido ka karkata kai hagu.

Ni nake karkata kai haka a kan kaskon turare. A wurina ka ɗauka.

Allah ya shirye ka.
Mahaifiyarka,
Asama'u

Kano
6 ga Mayu, 2018

Ɗana Idris,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ƙanwarka Sauda tana gaishe ka. Ban gaya mata komai ba tukuna.

Saƙonka ya iso. Ka ce ba ka haɗiyewa, kurkurawa kake yi ka tofar a kwano. Ashe har bakin ma ya shiga. Da wannan harshen kake karanta Fatiha? Ka kuma ce sana'arsu irin tawa ce: ice, da haƙuri, da jiran shekaru. Da zagina ka yi, da ya fi mini sauƙi. Turarena amare ake yi wa da masallatai.

Ba zan ɓoye maka ba, na haɗa humrar bana, akwai abin da ya gaza a cikinta. Hancina ya tsufa. Na ba Sauda, ta ce komai ya yi, ita da ba ta bambance ƙauri da ƙamshi. Duk gidan nan kai kaɗai za ka shinshina sau ɗaya ka ce mini ga abin da babu. Na ɗauki waya, na ajiye. Haka zan sayar da ita.

Ga abin da na yanke, kuma yau zan sanar da kowa. Ba zan yi maka baki ba. Ka zo sallah, ka ci tuwo, ka kwana a ɗakinka. Amma haɗin da na gada wurin mahaifiyata Sauda zan koya wa, ko da zai lalace a hannunta. Ɗakin turare kuwa, muddin kana wannan aiki, ba ka taka ƙofarsa, kuma babu mai miƙa maka kwalba a gidana, ko da ni ce na manta na roƙe ka.

Wassalam.
Mahaifiyarka,
Asama'u