Inna, Mun Buɗe Wayarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Inna, na zo miki da ƙarar autanki Habu, kuma a gaban jama'a zan kawo ta, don ke ma kina cikin laifin.

Kin tuna lokacin da hukuma ta toshe kafofin sada zumunta, garin nan kaf aka koma VPN? Habu ya taso daga unguwar Goudji a kan kalando, babur ɗin haya, ido jajir, ya tattara wayoyin gidan kamar mai kamen ɓarayi. Ya yi miki bayani cewa da wannan abin wayarki za ta nuna tana wata ƙasa, alhali kina zaune a kasuwar Dembé kan buhun kuɓewarki. Kika ce in dai haka ne a saita miki ita Makka, ko ba komai wani abu naki ya je.

Daga nan ya sa miki manhajar da ke kulle saƙo, wai ba mai ji sai wanda aka aika wa. To, manhaja ta yi aikinta, Allah ya sani. Ke ce dai kike ɗaukar saƙon murya a tsakiyar kasuwa da dukkan ƙarfinki, har masu gwanjo na can layin baya suna gyara miki labari. Hukuma ba ta ji ba, amma Dembé ta ji.

Kyamara kuwa filasta kika manna mata. In za a yi gulmar dangi, sai ki naɗe wayar a zani ki jefa a tukunya ki rufe. Kullum maganarki ita ce: "Ni ban yi wa gwamnati komai ba, amma ba ta gaishe ni ba, ba za ta ji zancena ba."

Babban aikin Habu shi ne kod, wato kalmar sirrin buɗe wayar. Ya ce ki zaɓi kalmar da ba wanda zai taɓa zato, kada ki faɗa wa kowa, ko shi. Ya juya baya kika danna abinki. Ya kuma saita wayar yadda in aka yi ta kuskure za ta goge duk abin da ke ciki. Duk rayuwarki ba ki taɓa bin maganar yaron nan ba, sai a wannan.

Da kika rasu, Inna, muka tuna a cikin wayar kika ɗauki labarin Kaka, yadda ya baro Katsina a ƙafa da niyyar hajji ya yada zango a bakin kogin Shari, zangon da har yau muke ciki. Ba mu da muryarki a ko'ina sai nan. Tamu wayar Habu ya saita ta tana share saƙo da kanta, don tsaro.

Muka gwada sunan Baba. Muka gwada Makka, Madina, kuɓewa, daddawa. Habu, kaico, har sunansa ya gwada, wai ai shi ne ɗan lele. Mai gyara a kasuwa ya juya ta ya dawo mana da ita, ya ce wannan ko hukumar ce sai dai ta yi haƙuri. Habu ya fito yana murmushin alfahari, saura kaɗan in kwaɗa masa jaka. Wayar ta ce saura gwaji ɗaya.

Wallahi na ji tsoro. Na ajiye ta a ɗakina a unguwar Abena ina yi mata caji kawai, ba na yarda kowa ya taɓa.

Ranar Juma'ar nan ƙawarki Hajja Kaltume ta zo gaisuwa, na ba ta labari. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce mu 'yan boko ba mu da kai. An ce kalmar da ba wanda zai zata daga gare ki, ai guda ce: sunan 'yar fari. Ni da tun haihuwata kunya ba ta bar ki kin kira ni da shi ba, daga "ke" sai "waccan".

Na ɗauko wayar na rubuta sunana. Ta buɗe.

Ban ma iya sauraron labarin Kaka ba ranar. Zama na yi ina tuna yadda kike ciro wayar nan daga safe zuwa yamma, ki kare ta da gefen mayafi, ki danna a hankali. Ashe ni kike kira, ina gefenki ina auna wa mutane kuɓewa. Na yi kuka, Inna, na yi kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya suturta ki kamar yadda kika suturta mu. Allah ya haɗa mu a Aljanna, ki kira ni da bakinki in amsa.

Ba zan sa suna a ƙasa ba, don ban canza kod ɗin ba, kuma ban san wa ke karantawa ba.

Taki har abada,
'Yarki ta fari.