Muryar da Baba Ya Ji a Shagon Aski

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Rubutu na zaɓa saboda sau biyu ina ɗaukar waya in kira ki, kuka yana shaƙe ni.

Yaya, yau kwana tara Baba bai amsa gaisuwata ba.

Kin san aikina: a kawo fim ɗin waje, mu ɗora masa muryar Hausa. Watan jiya Oga ya kawo wani, wai daga wani littafi aka ciro shi da duniya ke rububinsa. Aka ba ni muryar wani tsoho masani a cikin fim ɗin. Ina shiga ɗan ɗakin ɗaukar muryar nan mai soso a bango, a miƙo mini takarda, in karanta layina, in fito. Tsohon nan kuwa shi ne mai cewa shugabannin addini sun yi shekaru aru-aru suna ɓoye wani sirri game da wani annabin Allah, har suna kisa a kai. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na karanta gabana ya faɗi. Na ce ai labari ne, na wuce.

Tun da idon Baba ya tafi, kin san da kunne yake gane kowa. Yana zaune a shagon aski, mai askin ya kunna fim ɗin. Baba ya ɗaga hannu ya ce a kashe injin askin. Ya saurara, ya ce, “Wannan Auta ne.” Da rabin aski ya dawo gida. Ya aiko matata ta faɗa mini kada ya sake jin muryata a ɗakinsa.

Yanzu kowa a layinmu ya zama alƙali. Mai aski ya ce fim ya yi daɗi, tsawo ne kawai ya yi masa yawa. Mai kemis, da ya karanta littafin, ya ce an yanke rabi, an ɓata abu mai kyau. Matata ta ce ita barci ya ɗauke ta tun kafin a kashe mutum na biyu. Amma maganar maƙwabciyarmu nas, mai ɗiga wa Baba magani kafin ta tafi coci, ita ta karya ni. Ta ce, “Da yarensu bai dame ni ba. Kai ka kawo mini shi da harshen da nake addu'a da shi.”

Don Allah ki kira shi. Ke yana jin maganarki.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, faɗan ma na karɓa, na cancanta. Na gode da kika kira shi, ko da ya ce ki bar zancen.

Na zauna na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tuntuni. Guje-guje ne, da ƙofofin ɓoye, da mutane masu zare ido suna warware wasu alamomi. Ko daɗi bai yi ba, Yaya. A kan wannan na rasa ubana. Amma idan tsohon nan ya buɗe baki, sai in ji tsikar jikina ta tashi, don na yi shi da kyau. Na sa masa irin nutsuwar da Baba ke yi in yana karantar da mu. Duk wanda ya ji sai ya ɗauka gaskiya ce.

Na roƙi Oga a cire muryata. Dariya ya yi, ya ce fim ya riga ya shiga wayar kowa, kuma surutun mutane shi ne kasuwa. Na ajiye masa makullin ɗakin, na fito. Ban san abin da zan yi gobe ba.

Ga wadda ta fi: ciwon cikin Baba ya tashi. Likita ya ce aiki za a yi ranar Alhamis, kuma ya ja ni gefe ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfi, mu yi addu'a. Ni ke ɗauko ruwan wankansa, ni ke gyara masa shimfiɗa, duk a bebe. In na yi tari sai ya juya fuska bango. Yaya, idan ya tafi a haka, ina zan sa kaina?

Ki taho, ko a tsaye ne a mota.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Ina fatan kafin wannan ta isa gidanki, kin riga kin kamo hanya. A bencin asibiti nake rubutu, takardar a kan cinyata, ki yi haƙuri da rubutun.

Da safe aka zo da keken tura marasa lafiya. Na karɓa na tura shi da kaina. A tsakiyar baranda na kasa daurewa, na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, “Abin da ka faɗa a fim ɗin nan, ka yarda da shi?”

Na rantse masa ban yarda da ko kalma ɗaya ba. Na ɗauka zai ji sanyi.

Ya ce, “Da ka yarda da shi, da na zaunar da kai mun yi ta jayayya har na dawo da kai hanya. Amma wanda ya ba da hayar bakinsa, da wa zan yi jayayya?”

Ma'aikatan suka ce lokaci ya yi. A bakin ƙofa ya lalubo kaina, ya dafa, ya ce, “Ka jira ni a nan. Ban gama da kai ba.”

Awa uku ke nan da rufe ƙofar. Ko ruwa ban tashi na sha ba, kada a buɗe ba na nan. Ki yi ta addu'a ya fito ya ƙarasa faɗansa.

Ƙaninki mai jiran isowarki,
Auta