Magani Biyu na Ɓeraye

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙoƙari?

Jikin Umma ya rikice. Allurar ciwon dajin nan ta karya mata garkuwar jiki, yanzu likita ya ce ƙwayar cuta ta shiga jininta. Maganin da suke ɗura mata bai taɓuka komai ba, zazzaɓi sai gaba yake. Na tuna kin ce a ɗakin gwajinku kuna raunana garkuwar ɓeraye, ku sa musu irin wannan cutar, ku haɗa musu magani biyu su miƙe. Turo min sunayensu da yadda ake bayarwa. Akwai nas a layinmu, ta yarda ta yi mata in likita ya juya baya.

Ki huta lafiya,
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya ba da lada.

Wallahi ba zan turo ba. Ranar nan hira kawai muke, ban kai maka ƙarshe ba. Jinin ɓerayen yana wankewa, haka ne. Sai dai ni nake buɗe cikinsu daga baya, kuma da yawansu ƙodarsu ta lalace. Ko a ɓera ba mu gano iya adadin maganin da za a tsaya a kai ba tukuna, balle Umma da ƙodarta dama ta gaji. Don Allah ka sallami nas ɗin nan. Ba ni lambar likitan, in gaya masa duk abin da na gani, shi ya yanke.

Ina gaishe ka da girmamawa,
Ƙanwarka.

*

Malama mai ɓeraye,

Salam.

Ni nake juya ta, ni nake goge mata baki, ke kina can cikin farar riga kina min bayanin ƙoda. Tun kina rarrafe kike da taurin kai. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ga lambar a ƙasa. In aka rasa ta, ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Sai an jima.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa.

Likitan ya saurare ki. Ya haɗa mata magani biyu, amma ba naku ba, kullum kuma ana ɗibar jininta a duba ƙodar. Jiya zazzaɓin ya sauka, har ta nemi ruwa da bakinta. Yau ya sake hawa.

Ki nemi hutu ki taho. Ɗazu ta kira ni da sunanki.

Yayanki.