Taku Talatin na Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon bayan nan? Inna tana gaishe ka.

Albishirinka, sokawen gidanmu ya kammala tun kafin damina. Ka san yadda ruwan banɗaki da na wanke-wanke yake kwanciya a tsakar gida, sauro ya mai da mu kalacinsa. Ban kira kowa ba, ɗan magini ai ba ya hayar magini. Na haƙa rami, na jera bulo da 'yar tazara domin ƙasa ta riƙa tsotse ruwan, na rufe da kankare. Kuma ban manta dokar Baba ba, Allah ya jiƙansa: taku talatin tsakanin rijiya da ramin ƙazanta. Da ƙafata na taka, talatin cif.

Inna dai tana ta mita wai ruwan rijiya ya canza ɗanɗano. Na ce mata tsufa ne ya taɓa harshe.

Ƙaninka,
Guntu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu kam sai godiya. Kwanan Inna tara a asibiti, taifot ne. An sallame ta, amma ta rame ƙwarai.

Jiya duba-gari ya zo. Na yi masa bayanin taku talatin da ƙarfin gwiwata. Bai yi musu ba, tef kawai ya ja daga bakin rijiya zuwa ramin, sannan ya tambaye ni tsawon wanda ya kafa dokar. Yaya, ka tuna Baba sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Talatin ɗina bai kai ashirin ɗinsa ba. Ya ce ruwan ramin ya riga ya ratsa ƙasa ya shiga rijiyar, dole a cike ta.

Rijiyar da Baba ya haƙa wa Inna da hannunsa ke nan, shekara arba'in ba ta sha ruwan wata rijiya ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran faɗa. Da ma ta yi, da na samu sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Ƙafar da Allah ya ba ka, da ita ka taka.” Sai ta sa aka kwance gugan, aka kai mata ɗaki.

Kunya da baƙin ciki sun hana ni haɗa ido da ita. An sauke ƙasa a ƙofar gida, ran Asabar za a cike. Don Allah ka zo. Na ɗauki shebur sau biyu ina ajiyewa, ba zan iya zuba na farko ba.

Ƙaninka,
Guntu