Zaitunin da ke Kwanar Gidanmu

Da sunan Allah zan fara, shi da ya ba da rai, shi kuma zai karɓi abinsa.

Ni ce Yamna 'yar Haddu, matar marigayi Mbarak, mahaifiyar Lahsan da Bassu da Rukiya. Ina wannan magana hankalina a jikina, ba zafin zazzaɓi ba ne, ba kuma gigin tsufa ba. Liman Si Abdulkabir ne ke rubutawa, na kuma ja masa kunne kada ya sassauta mini kalma ko ɗaya, ko da ta yi masa kaifi. Ƙafa ta ƙi, numfashi ya gajarta, amma kunnena garau yake har yanzu.

Na farko. In na cika, ku binne ni kusa da mahaifinku, kada ku jira wanda ke nesa. Ba wanda ke bina komai sai Lalla Mbarka, wadda babbar tukunyar kuskus ɗinta ke wurina tun sunan ɗan Rukiya. Ku mayar mata, amma bayan sadakar uku, don za ku buƙace ta. Ta san halina, ba za ta yi mamaki ba.

Na biyu. Gona da gida da alfadari, ku raba yadda Allah ya raba, ban da bakin magana a ciki. Masaƙata da awarwarona na azurfa na riga na ba Rukiya tun ina da ƙarfina, a gaban shaidu. Amyoyin zuma kuwa na Hadda ne, 'yar Bassu, ita kaɗai ce ƙudan zuman ba sa harbi.

Na uku. Daga sulusin da shari'a ta bar mini, na cire abu biyu na yi waƙafi: ɗakin da ke fuskantar hanya, da tsohon zaitunin da ke bakin kwana. Ba na ɗayanku ba ne, kada wani ya ce nasa.

Ɗakin nan kun san aikinsa, nan muke kwantar da waɗanda suka yi haɗari a kwanar. Tun da aka kawo ni gidan nan ina amarya, aka shimfiɗa kwalta a hanyar da ke hawa dutse zuwa garin Azilal, kwanar nan ta zama maƙwabciyarmu, kuma maƙwabciya ce mai rigima. Na yi wanki ina jin ta, na yi naƙuda ina jin ta. Har na kai in na ji kukan birki, kafin ƙarar ta biyo baya na san ko ƙaramar mota ce ko babba, ko daga sama take ko daga ƙasa. Akwai ƙarar da za ka ji ka ce, "To, yau makanike ya samu." Akwai wadda za ka ji sai ka ajiye abin da ke hannunka ka ruga ba takalmi. Mahaifinku yakan ce, "Yamna, da jandarmomi na da wayo, da sun ba ki hula." Ni kuma in ce masa, "Su riƙe hularsu, kai dai ɗauko ƙyauren."

Ƙyauren nan, tsohon ƙyauren da muke ɗaukar mutane a kai, yana bayan ɗakin, kada wani ya faskara shi. Barguna suna cikin akwati, a riƙa shanya su. Ƙofar ba a sa mata kwaɗo. In abu ya faru, kada ku fizgi mai rauni ta hannu, kada ku ɗura masa ruwa don tausayi, ku yi masa magana, ku tambaye shi sunansa, ku riƙe shi da hira har motar asibiti ta iso. Mace ku suturta ta kafin taro ya cika. Duk jikan da ya ɗaga waya don ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini, ban yafe masa wannan ba, sai ya je ya nemi gafarar mai shi. Kayan da suka zube kuwa amana ne. Ku tuna ranar da motar kaji ta kife, muka yini muna tseren kama kaji a cikin sha'ir, direban na zaune a dakali da goshi a fashe yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Inna, ki bar wancan zakaran, wallahi ya fi ni son rai!" Ko kaza ɗaya ba ta kwana a tukunyar kowa ba. Har yau in ya wuce sai ya tsaya ya ajiye mana sukari.

Ina faɗa muku wannan don ku sani ba baƙin ciki kaɗai kwanar nan ta kawo mana ba. Na rufe idon wasu, Allah ya ji ƙansu, ina tuna fuskokinsu. Amma waɗanda suka tashi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai yarinyar da na ciro ta taga tana tsumman goyo, bara ta zo gaishe ni da nata jaririn a baya.

Na huɗu, kuma dominsa na kira liman. Lahsan, Bassu, da ku nake.

Shekara nawa ke nan ba ku sa hannu a kwano ɗaya ba? Gidajenku na jingine da juna, amma ranar salla sai in ci rabin tuwona a nan, rabi a can, kamar marainiya. Wannan abu ya fi ciwon ƙirjina ci mini rai, kuma shi ne kaɗai nake tsoron in bari a bayana.

Na ga abin da ya faru ranar, da idona, ina saman soro ina shanyar ɓaure da hantsi. Lahsan, kana gangarowa da tasinka, Hadda na gaba kusa da kai, ka ɗauko ta daga makaranta. Babbar motar siminti na hawowa, ta shigo ta ci rabin gefenka na hanya. Ka kauce mata, tasin ta zame, ta nufi kwazazzabo, kututturen zaitunin ya tare ta. Hadda ta karye a cinya. Ni na fara isa, ni na riƙe kanta.

Tun daga ranar kowannenku ya kama maganarsa ya ƙi saki. Kai Lahsan kana cewa, "Itacen nan ne ya rufe mini ido, da ba rassansa da na hango motar tun daga sama. A sare shi kafin ya ci wani!" Kai kuma Bassu kana cewa, "Gudunka ne, direban banza. Ba don itacen ba da a ƙasan kwari zan tsinto 'yata. Wanda ya taɓa shi da gatari sai ya fara da wuyana." Na faɗa muku gaskiyar abin ba sau ɗaya ba, kuka ce tsohuwa na son raba gardama ne kawai. To yanzu mai mutuwa ce ke magana, ko za ku saurara.

Bassu, yayanka bai yi gudu ba. Na san kukan motar da ke gudu kamar yadda na san kukanka kana jariri, kuma ba shi na ji ba. Na kuma ga abin da kai ba ka gani ba: Lahsan ya fito da haƙarƙari a karye, yana jan jiki a ƙasa, yana kiran sunan yarinyar, ya ƙi yarda a taɓa shi sai an ɗauke ta. Rassan sun rufe kwanar, wannan gaskiya ne.

Lahsan, ƙanenka ma bai yi ƙarya ba. Kututturen nan ya tare motoci da yawa kafin taka, kai ma shi ya riƙe ka a duniya da ikon Allah. Wanda ya ga 'yarsa a rataye tsakanin itace da rami, kada ka ce masa ya manta.

Laifin kuwa namu ne duka, mutanen ƙauyen nan. Duk wanda itacen ya tare sai ya dawo ya yanka rago a gindinsa, ya ɗaura ƙyalle a reshe don godiya. Ƙyalle ya yi yawa, sai aka ce itacen na da albarka, aka daina yi masa aski kamar sauran zaitun, kowa na tsoron hannunsa ya shanye. Rassa suka yi ta bazuwa kan hanya, suna rufe idon direbobi, motoci na ƙara faɗawa, masu godiya na ƙara ɗaura ƙyalle. Itace ne, ba waliyyi ba. Liman na nan yana gyaɗa kai, ya daɗe yana son faɗar haka, ya rasa wanda zai tsaya masa.

Ga hukuncina. Ba za a sare shi ba, ba kuma za a bar shi haka ba. Washegarin binne ni, kada ku jira lokacin askin zaitun, Bassu ka ɗauki tsani da zarto ka hau. Kai ka san itace, ka san inda za a yanka ya warke. Lahsan, ka kai tasinka saman kwana, ka zauna a kujerar direba, don kai ka san abin da idon direba ke nema. Daga can za ka riƙa faɗa masa wane reshe, shi kuma in ya ga reshen zai cutar da itacen ya faɗa maka, ku daidaita. Ban yarda da ɗan aike ba. Ban yarda a tura yaro ko mace tsakaninku ba, ban yarda da danna hon ko nuni da hannu ba. Da baki za ku yi, kowa ya kira sunan ɗan'uwansa, tsakanin nan da can kuwa sai an ɗaga murya. Ba za a sauko ba sai mai gangarowa ya hango mai hawowa. Sannan ku shafe kututturen da farar ƙasa, ya zama ana ganinsa daga nesa. Rassan da aka sauke, da su za a dafa kuskus ɗin sadakata, a ciyar da duk wanda ya tsaya a hanya ranar sadakar, ku biyun kuma ku ci a kwano ɗaya a gaban jama'a.

In wani ya ce hannun Bassu zai shanye, ku ce Yamna ce ta sa, ta kuma ɗauki nauyin, ya biyo ta ya tambaye ta.

Kada kuma ku fake da Hadda. Yarinyar nan tana tafiya da ƙafarta, ɗan ɗingishin bai hana ta hawa dutse wurin amyoyi ba, ga shi tana karatun aikin jinya. Kwanan baya tana matsa mini ƙafa ta ce, "Kaka, ni da na karye na warke tuntuni. Su da Baba da Baffa me ya karye musu da har yanzu bai ɗoru ba?" Ku sai ku ba ta amsa.

Rukiya, ke ce mai sanyin cikinsu, ki tsaya a kan wannan magana. In suka fara noƙe-noƙe, ki karanta musu ita da ƙarfi a ƙofar masallaci, kunya za ta yi sauran aikin.

Ba na tafiya da fargaba. Na san 'ya'yan da na haifa: masu taurin kai ne, sun gado ni, amma ba mugaye ba ne. Na yafe muku nonon da kuka sha da wahalar da na sha, ku ma ku yafe mini kaifin harshena. Allah ya tsare masu hawa da masu gangara, ya kai kowa gidansa lafiya. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya sa ku zama inuwar juna. Ku riƙe zumunci, ku riƙe 'yar'uwarku, kada jikokina su tashi suna tambayar ta wace ƙofa aka yarda su shiga.

Albarkata ta ƙarshe na ajiye ta ga wanda ya fara buɗe baki ya kira sunan ɗan'uwansa a safiyar askin itacen. Amma ya sani ba za ta zauna a kansa ba sai ɗayan ya amsa.