Abin da Na Fassara a Tashar Keke

Dogarawa, Sabon Gari, Zariya
4 ga Maris, 2023

Matata Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Hephzibah. Yaya jikin Mama? Ki gaya mata surukinta yana gaishe ta, kuma ba na mantawa da ita a addu'a. Ki zauna da ita nan Zonkwa har ta warware, kada ki damu da ni.

Akwai abin da na ɓoye miki, don na san za ki yi dariya. Na shiga ajin Turanci. Malama Sarah, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce take tara manya kowace Asabar da yamma a cocinmu na Samaru. Mu goma sha ɗaya ne, har da tsohuwa mai sayar da ƙosai.

Wata ɗaliba ce ta jawo. Na ɗauko ta a keke-napep ɗina daga Samaru, ta ce mini "pull over", ni kuwa na zaci wani abu take so in ja. Sai da muka wuce gadar Kwangila tana ihu kafin na gane tsayawa take nufi. Duk fasinjojin suka yi ta dariya. Na ji kunya ƙwarai.

Malama ta ce ba manyan kalmomi ke kayar da mutum ba, 'yan ƙananan da ake liƙa musu a wutsiya ne. "Get down" sauka, "get in" shiga. "Pick up" ɗauka, kamar yadda nake ɗaukar fasinja, "drop off" kuma sauke shi. Ina rubuta su a bayan kwalin sabulu, ina bita idan ina jiran layi. Abokan aiki a tasha har sun sa mini suna Bature. Gaskiya ina jin daɗin sunan.

Ki shafa mini kan Hephzibah.

Mijinki,
Nelson

Asibiti, Zariya
19 ga Maris, 2023

Maman Hephzibah,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da yarinya? Kada hankalinki ya tashi da ganin inda na rubuto. Hannun hagu ne ya karye, da haƙarƙari biyu, da ɗinki shida a ƙeya. Ina ci, ina sha.

Ba hatsari na yi ba, ko da yake haka na ce wa ƙanenki a waya. Ga gaskiyar.

Ranar Alhamis da rana tsaka ina tasharmu ta bakin kasuwar Sabon Gari, sai aka yi ihun ɓarawo. Wani ɗan kasuwar hatsi ya shaƙe wuyan rigar wani mutum, wayar ɗan kasuwar kuwa tana hannun mutumin. Baƙo ne, Ibo, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Daga baya na san sunansa Chiedozie, tela ne, sati biyu ke nan da zuwansa wurin yayarsa mai shagon atamfa. Nan da nan aka zagaye shi. Yana ta maimaita magana ɗaya: "I picked it up."

Kevin, wanda muke layi ɗaya da shi, ya ce a bari Bature ya faɗa mana abin da yake cewa. Aka tura ni gaba. Winifred, kaina ya kumbura. Na ji kalmar da na sani, ban tsaya tunani ba, na ɗaga murya na ce, "Ya ce shi ya ɗauka."

Ban rufe baki ba aka sauke masa katako a kafaɗa. Ya faɗi. Aka rufe shi da duka, wasu da ƙafa, wasu da bel, wani ya zo da ƙarfen kwance taya. Jini ya ɓalle masa ta hanci da baki. Yana ƙasa yana kare kansa da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana nuna bakin kwata, yana nunawa, yana nunawa. A nan na gane. Tsinta ya yi. A ƙasa ya ga wayar, ya ɗaga ta yana neman mai ita. Akwai waɗanda suka fi ni Turanci a wurin, amma babu wanda ya yi magana.

Na yi ta ihu cewa na yi kuskure, tsintuwa ce. Wa zai saurare ni? Na ga wani yana gangaro da taya, wani yana zuƙo fetur daga babur. Sai na faɗa a kan Chiedozie na rungume shi. Suka ce bakinmu ɗaya, suka haɗa da ni. Na ji ƙarar hannuna kafin na ji zafinsa. Da ba don matan layin atamfa sun fito da ihu sun kewaye mu har 'yan sanda suka iso ba, da gawa biyu za a kwashe.

Chiedozie yana ɗakin da ke kusa da nawa. Bai farfaɗo ba tukuna. Ki yi masa addu'a kafin ki yi mini.

Naki,
Nelson

Samaru, Zariya
2 ga Afrilu, 2023

Winifred tawa,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Na ji daɗin jin Mama ta fara fitowa tsakar gida. An sallame ni, amma ina gidan Malama Sarah da maigidanta, zan faɗa miki dalili.

Chiedozie ya farfaɗo bayan kwana huɗu. Idonsa na dama ya tafi, yatsu uku na hannun da yake riƙe almakashi sun karye. Yayarsa Nnenna ta riƙa kawo mini abinci tana kirana ɗan'uwa, domin an gaya mata ni na kare shi da jikina. Ni kuwa ba na taɓa abincin. Da na gaya wa Malama komai, ta ce kalmar tana nufin ɗauka, tana kuma nufin tsinta, da niyyarta ta koya mana ma'ana ta biyun a Asabar mai zuwa. Ta yi kuka. Na ce mata ba ita ta buɗe baki a tasha ba.

Ranar da za a sallame ni na shiga ɗakin Chiedozie. Na roƙi Nnenna, da yake tana jin Hausa, ta fassara masa abin da zan faɗa ba ragi. Na faɗi abin da ya ce, da abin da ni na ce. Ta tsaya a tsakiya ta kasa ci gaba, sai da ya matsa mata. Da ta gama ta kwashe kwanukanta daga gefen gadona, ba ta sake kallona ba.

'Yan sanda suna neman wanda zai faɗi sunayen masu dukan. Na san bakwai, har da Kevin, shi ya riƙe ƙarfen. Labari ya kai tasha. Shekaranjiya aka farfasa gilashin kekena, aka yayyanka tayoyin, aka aiko cewa in na yi magana saura ɗaya hannun. Shi ya sa na fake a gidan Malama. Gobe Litinin zan je in ba da shaida, da Hausa. Ina roƙonki kada ki dawo Dogarawa sai na ce ki zo.

Jiya na koma asibiti duba Chiedozie. Nnenna ta tare ƙofa, ya yi mata magana daga ciki. Ta juyo fuska a ɗaure ta ce, ya ce bai yafe maka ba tukuna, amma ka shigo ka zauna. Na zauna har aka kori masu dubiya.

Ki gaida Mama, ki riƙe mini Hephzibah da kyau.

Mijinki,
Nelson